Yadda Aka Faro Jarraba Masu Koyon Aikin Fiɗa

Duk wanda ya kwanta a ɗakin tiyata ya miƙa ransa ne ga Allah, jikinsa kuma ga hannun wani ɗan Adam. Tambayar da ta daɗe tana damun magabata ita ce, ta yaya za a san hannun nan ya ƙware tun kafin a ba shi wuƙa?

Idan muka waiwayi tarihi, za mu ga cewa a shekarar 931 Miladiyya wani majinyaci ya rasu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Sai Halifa Muƙtadir ya umurci likitansa, Sinan bin Sabit, da ya jarraba masu magani na birnin, kada a bar kowa ya yi aiki sai da izini. An ruwaito cewa waɗanda aka jarraba sun haura 860.

Can a Turai kuwa, fiɗa ta daɗe a hannun masu aski, kamar dai yadda wanzamanmu ke haɗa aski da ƙaho da kaciya. A 1505 hukumar birnin Edinbara ta ƙasar Sukotlan ta ba ƙungiyarsu takardar izini, inda aka shar'anta cewa almajiri sai ya iya karatu da rubutu, kuma ba zai zama maigidan kansa ba sai an tambaye shi sassan jiki da jijiyoyi. Har gawar mutum ɗaya da aka yanke wa hukuncin kisa ake ba su kowace shekara domin nazari.

Sai dai yawancin irin wannan jarrabawa ta baki ce. Mai ƙwaƙwalwa yakan haddace littafi ya ci, alhali hannunsa na rawa. Da aka buɗe asibitin Johns Hopkins a Amurka a 1889, William Halsted ya kafa tsarin da almajiri zai zauna cikin asibiti shekara da shekaru yana aiki a gaban malaminsa. Gyara ya samu, amma hukunci ya rage ga idon mutum ɗaya, ido kuwa yana da son kai.

A 1997 ne masana a Jami'ar Toronto ta Kanada suka wallafa wata hanya: a sa almajiri ya yanka ya ɗinke a kan jikin kwaikwayo, alƙalai na kallo suna ba da maki kan riƙon kayan aiki, da tausaya wa nama, da rashin ɓata lokaci. Gani ya kori ji ke nan.

A yankinmu ma, ƙungiyar likitocin fiɗa da aka kafa a Ibadan a 1960, wadda ta zama Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, tana buƙatar almajiri ya gabatar da littafin da ya ƙididdige ayyukan da ya yi, da sa hannun malamansa. Sama da shekara dubu ke nan ana wannan tafiya kafin a yarda cewa hannun da zai riƙe wuƙa shi ya kamata a jarraba.