Ranar da Alƙaluma Suka Maye Gurbin Fuska a Teburin Poker

Ranar 1 ga Janairun 1998 shafin Planet Poker ya fara raba karta a intanet da kuɗi na gaske. Ta layin tarho ake shiga a wancan zamani, fargabar ɗan wasa kuwa ita ce layi ya yanke alhali kuɗinsa na kan tebur.

Babban rashin dai shi ne fuska. Poker caca ce ta karantar idon abokin karawa, ga shi allo ya ɓoye idon. Manhajar PokerTracker, wadda ta fito a 2001, ita ta cike giɓin: tana adana kowane zagaye, ta fitar da halin kowane ɗan wasa a alƙaluma. Ƙwararru suka sayi manyan alluna, suna buga tebur goma a lokaci guda, suna kwashe kuɗin masu dogaro da sa'a.

Irin wannan lissafin ne ya tona asirin shafin Absolute Poker a 2007. 'Yan wasa suka bi diddigin wani asusu mai suna Potripper, suka ga cinsa ya wuce sa'a. Ashe wani ɗan cikin gida ne ke leƙen katunan kowa. Hukumar caca ta Kahnawake da ke Kanada ta ci kamfanin tarar dala 500,000.