Wutsiyar Suna A Bakin Mutanen Tambuwal

Tun zamanin jihadi, wanda aka soma a 1804, malaman ƙasar Sakkwato suka ba nahawu muhimmanci ƙwarai. Malam Abdullahi na Gwandu ya tsara littafi sukutum a kansa, Bahrul Muhiɗ, a waƙe. Muhammadu Buhari ɗan Shehu kuwa, wanda ya zauna Tambuwal, mawaƙi ne da Larabci. Abin da almajiri ke fara shan wuya a kansa cikin wannan fanni shi ne wutsiyar suna, gama Balarabe yakan ce baitu, ko baita, ko baiti, gwargwadon matsayin kalmar cikin magana. Turkawa sun ma fi haka. Su gida ev ne, gidana evim, cikin gidana evimde, ana ta ɗaura wutsiya bisa wutsiya.

Hausa ba ta da irin wannan li'irabi, amma tana nuna mai abu a ƙarshen suna, kuma a nan bakin Kano da na yamma suka rabu. Bakano ya ce gidansa da rigarsa, mutumin Tambuwal ko Kebbe ya ce gidanai da rigatai. Bakano ya ce rigar Bello, namu ya ce rigab Bello, matas Sarki, watau harafin baya ya rikiɗa ya zama irin na gabansa.

Da aka shiga buga littattafai da boko a Zariya, aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, sai bakin Kano ya zama shi ne na takarda. Dalili ne mai kyau, don kowa ya iya karanta wasiƙar kowa. Amma daga nan yaran makaranta suka ɗauka maganar iyayensu kure ce, har wani yakan ji kunyar cewa dokinai gaban baƙo.

To, ba kure ba ce. Masana sun tabbatar cewa r ɗin nan ta rigar asalinta t ce, watau ta ɗin mace, irin wadda ke cikin nata da tata. Basakkwace da ya ce rigat ya riƙe tsohuwar, Bakano ne ya sake ta. Bargery ma, cikin ƙamusunsa na 1934, bai zubar da kalmomin Sakkwato ba, ya shigar da su ya sa musu alama.