Kisan Jan Rumbu da Labarin Ƙoƙon Kan William Corder

A ƙasar Ingila, cikin lardin Suffolk, akwai wani ƙaramin ƙauye mai suna Polstead. A shekara ta 1827 aka yi wani kisankai a ƙauyen nan, wanda har wa yau mutanen Ingila ba su daina ba da labarinsa ba. Suna kiransa Kisan Jan Rumbu. Rumbun nasu kuwa ba irin na ƙasar Hausa ba ne. Babban gini ne na katako wanda mutum yake shiga ya yi tafiya a ciki, an kuma rufe wani sashi na samansa da jan yumɓu gasasshe, shi ya sa aka ba shi wannan suna.

Wadda aka kashe sunanta Maria Marten, 'yar shekara 25. Mahaifinta, Thomas Marten, talaka ne, yana cin abinci da kama wasu ƙananan dabbobi masu haƙa rami suna ɓata gonaki. Maria ta riga ta haihu sau biyu ba tare da aure ba. Ɗa na fari, wanda ta haifa wa wani Thomas Corder, ya mutu yana jariri. Na biyu ya rayu. Sa'an nan ta fara nema da William Corder, ƙanen wancan Thomas ɗin, ɗan wani manomi mai wadata. Mutanen ƙauyen sun san William da wayo da rashin gaskiya, har ya taɓa sayar da aladun mahaifinsa a ɓoye. A 1827 Maria ta haifa masa ɗa, amma jaririn bai daɗe ba ya mutu.

William ya yi ta alkawari zai aure ta, yana ɗaga ranar. Ran 18 ga Mayu 1827 ya zo gidansu da gaggawa, ya ce ya ji hukuma za ta kama Maria saboda haihuwar 'ya'ya ba aure, don haka dole su gudu zuwa garin Ipswich a ɗaura musu aure. Ya ce ta sa tufafin maza don kada a gane ta, ta same shi a Jan Rumbu. Ta fita, ba a kuwa sāke ganinta da rai ba.

Watanni suka wuce. Duk sa'ad da iyayenta suka tambaya, sai William ya ce tana nan lafiya. Da ya bar ƙauyen, sai ya riƙa aiko da wasiƙu yana cewa sun yi aure, suna zaune a tsibirin Wight. In an tambayi abin da ya hana ta rubutu da kanta, sai ya ce ba ta jin daɗi, ko kuwa hannunta ne yake ciwo. Gaskiyar magana ita ce, yana wajen Landan. Ya sa sanarwa a jaridu yana neman mata, mata da yawa suka amsa, ya auri wata mai suna Mary Moore, suka buɗe makarantar 'yan mata a Brentford.

A nan ne mafarki ya shiga labarin. Matar uban Maria, mai suna Ann, ta ce ta yi ta mafarki an kashe Maria an binne ta a cikin Jan Rumbu. Ta matsa wa mijinta, har ran 19 ga Afrilu 1828 ya je ya haƙa wani wuri a cikin rumbun. Ya tarar da gawar 'yarsa cikin buhu, ta riga ta ruɓe. An gane ta ta wurin gashinta da tufafinta da wani haƙori da ta rasa tun tana da rai. A wuyanta kuma akwai koren hankici na William Corder.

Mutane da yawa sun ɗauka kurwar Maria ce ta zo ta tona asiri. Waɗansu kuwa sun yi shakka. Ann ba ta girmi Maria da yawa ba, ga shi kuma mafarkin bai fara ba sai bayan William ya auri wata. Don haka aka yi ta raɗe-raɗi cewa wataƙila ta san wani abu tun da farko, ta fake da mafarki. Ba a taɓa tuhumarta da wani laifi ba, ba kuma a tabbatar da wannan zargi ba. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, kotu ba ta yanke hukunci a kan mafarki ba. An yi shari'ar a garin Bury St Edmunds ran 7 da 8 ga Agusta 1828. Shaidun da aka kawo su ne hankicin, da wasiƙun ƙarya, da bindigoginsa, da maganar ƙanen Maria, wani yaro mai suna George, wanda ya ce ya ga William ɗauke da diga a wajen rumbun a ranar da ta ɓace. William ya ce sun yi gardama ne, ita ta harbe kanta. Masu taya alƙali yanke hukunci ba su gaskata shi ba, cikin minti 35 suka same shi da laifi. Daren da za a rataye shi ya amsa cewa shi ya harbe ta. Aka rataye shi ran 11 ga Agusta 1828 a gaban dubban mutane.

Da a ce a nan labarin ya ƙare, da an manta da shi kamar sauran. Amma a zamanin nan akwai wata doka ta 1752 wadda ta hana a binne mai kisankai yadda ake binne sauran mutane. Akan ba likitoci gawarsa su feɗe. Haka aka yi wa William. Aka fara shimfiɗa gawar a fili, dubbai suka bi layi suna kallo. Kashegari likitoci da ɗalibansu suka feɗe ta. Aka ajiye ƙwarangwal ɗin a asibitin lardin don koyarwa. Wani likita mai suna George Creed ya jeme fatarsa, aka yi bangon littafin da ya ba da labarin shari'ar da ita. Littafin yana gidan ajiye kayan tarihi na Moyse's Hall a Bury St Edmunds. An ce igiyar da aka rataye shi da ita ma an yayyanka an sayar, kowane inci a kan fam ɗaya da sule ɗaya.

Daga wannan ƙwarangwal ne labarin fatalwa mafi shahara ya fito. Ana cewa bayan shekaru da dama wani likita mai suna John Kilner ya cire ƙoƙon kan William a ɓoye, ya sa wani a madadinsa, ya goge shi ya ajiye cikin akwati a gidansa. Daga nan, in ji masu ba da labarin, gidan bai ƙara samun kwanciyar hankali ba. Aka riƙa jin takun sawu da kuka da dare. Mai aikin gidan ta ga wani baƙo sanye da tufafin mutanen dā, da aka duba sai ba kowa. Wani dare likitan ya ji ƙara, ya sauko ya tarar akwatin ya farfashe, ƙoƙon kan kuwa ko ƙwarzane babu. Ya ba abokinsa mai suna Hopkins. Shi ma, in ji labarin, ya yi targaɗe, dokinsa ya faɗa rami ya mutu, ciwo da hasarar kuɗi suka biyo baya. A ƙarshe aka kai ƙoƙon kan makabartar wata majami'a aka binne shi, sa'an nan aka sami lafiya.

Labarin ya bazu ne ta hannun ɗan wannan Hopkins ɗin, wato Robert Thurston Hopkins, wanda ya yi suna wajen rubuta labaran fatalwa. Saboda haka ba a iya ɗaukarsa a matsayin shaidar tarihi. Duk da haka yana nuna abin da yake damun zukatan mutanen. Fatalwar da ke cikinsa ba ta neman ramako a kan alƙali ko shaidu. Tana damun wanda ya ɗauki abin da ya kamata ya kwanta a ƙasa ne, tana kuma yin shiru da zarar an yi jana'iza. Mutanen da suka yi kallon gawar, suka sayi igiyar, sun san a ransu cewa ko mai laifi mutum ne, jikinsa kuma ba kayan wasa ba ne. Hukuma ma ta sāke tunani: a 1832 aka soke hukuncin feɗe gawar masu kisankai. Ƙwarangwal ɗin William kuwa ya daɗe a gidan kayan tarihi na ƙungiyar likitoci masu fiɗa a Landan, sai a 2004 aka ƙone shi bisa roƙon wata danginsa.

Ita Maria fa? An binne ta a makabartar majami'ar Polstead, amma ba a bar ta ta huta ba. Tun kafin a gama shari'a aka fara wasan kwaikwayo a kan mutuwarta. Masu buga takardu suka sayar da waƙoƙi da labarai ba iyaka. Masu wa'azi suka tara jama'a kusa da rumbun. Baƙi suka riƙa zuwa daga nesa suna ɓalle katakon rumbun suna tafiya da shi, har wuta ta cinye abin da ya rage a 1842. Dutsen kabarinta ma haka aka yi ta gutsurarsa kaɗan kaɗan, kowa yana son abin tunawa, har ya ƙare ƙaf. Daga baya sai wani allo aka kafa a makabartar don ya nuna kusa da inda take kwance.

Tun daga labarin Kayinu da Habila mutane suka san jinin da aka zubar ba ya ɓoyuwa, kisan Polstead kuma ya ƙara tabbatar musu da haka. Amma akwai darasi na biyu wanda masu son labarin fatalwa sukan tsallake. William ya ɗauki ran Maria a yini ɗaya. Jama'ar da suka ce suna tausayinta kuwa sun yi shekaru suna cin riba da sunanta, har suka raba ta da alamar kabarinta. Ta bar ɗa ƙarami da tsohon uba wanda ya haƙo gawar 'yarsa da hannunsa, waɗannan kuwa ba a yi musu waƙa ba, ba kuma a faye ambatarsu ba in ana hirar Jan Rumbu.