Bitamin A

Bitamin A sinadari ne mai narkewa cikin mai, wanda jiki ke buƙata domin gani da girma da kariya daga cututtuka. Ana samun sa kai tsaye daga hanta da ƙwai da madara. Karas da manja da zogale da mangwaro kuwa suna ɗauke da sinadarin karotin, wanda jiki ke mayar da shi bitamin A.

Ƙaramin hanji ne ke tsotsar sa tare da man abinci, da taimakon ruwan matsarmama. Saboda haka abincin da ba mai a cikinsa yana rage yawan abin da ke shiga jiki. Hanta ke ajiye mafi yawansa, tana sakin sa cikin jini kaɗan-kaɗan.

Alamar farko ta ƙarancinsa ita ce dundumi, sai bushewar ido, wadda kan kai ga makanta. Yaran da suka rasa shi sun fi galabaita idan ƙyanda ko gudawa ta kama su. Shanu ma kan yi fama da ƙarancinsa da rani, idan ɗanyar ciyawa ta ƙare.

A 1913 Elmer McCollum da Marguerite Davis suka gano shi a Amurka ta hanyar gwaji a kan ɓeraye. A 1986 binciken Alfred Sommer a Indunusiya ya nuna ba yara shi yana rage mace-macensu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 6 zuwa 59 ƙarinsa a ƙasashen da ƙarancinsa ya yawaita.