Kaba tana buƙatar mai ita

Duk wanda ya tashi cikin masu saƙar tabarma a ƙasar Kebbe da Tambuwal ya san kaba goriba ce da aka hana ta girma. Tofon tsakiya ake nema, mai laushi wanda bai buɗe ba. A shanya shi, a tsaga, mata su rina wani su saƙa tabarma da faifai, maza su tufka igiya. In aka yanke kowane tofo kowace shekara, gindin ba zai mutu ba, amma ba zai tashi ba, balle ya yi 'ya'yan da za su gaje shi.

Ra'ayina shi ne rashin mai ita ya fi wuƙa yi wa kaba ɓarna. Da can kabar gona ta mai gona ce, daji kuwa sai da sanin mai gari. Dokar gandun daji ta 1916 ta fara janye itace zuwa hannun hukuma, har manomi ya koyi tsoron malamin daji, ya daina ganin itacen da ya raina a matsayin nasa. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, mutane suka faɗa wa kaba don su sayi hatsi, ba mai tsawatawa.

Wasu na cewa a hana yanka kawai. To, matar da tabarma ke saya mata gishiri da sabulu fa? Kuma hanin nan an gwada shi, sai ya koma yankan dare. Wasu kuma na ganin tabarmar roba ta ɗauke wa kaba nauyi. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin ranar da kaba ta rasa kuɗi, manomi zai tumɓuke ta ya ƙara kunya biyu ta gero.

A Gulbin Kaba na jihar Maraɗi, kwarin da sunansa ma daga kabar ya samo, an bi wata hanya bayan shekarar 2000. A yankin Mayahi aka kafa wuraren sayar da kaba a hannun ƙungiyoyin ƙauye, aka kuma ja hankalin manoma su riƙa ware 'yan tofo a kowane cinkoso su bar su su zama goriba. Ƙasar Kebbe na da masu gari, tana da ƙungiyoyin mata. Abin da ya rage shi ne ƙaramar hukuma ta amince a rubuce cewa wanda ya raini goriba a gonarsa, kabarta da 'ya'yanta nasa ne.