Da Me Arewa Ke Tuna Dawakinta?

Ɗaya daga cikin tsofaffin dawakan da hannun ɗan Adam ya ƙera a ƙasar Nijar ya fito ne daga ƙarƙashin ƙasa a Bura, yamma da kogi, cikin yankin Tera. A 1975 aka yi kiciɓis da maƙabartar, sai a 1983 masanin tarihi Boube Gado na cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai ya jagoranci haƙa wurin. Cikin ɗaruruwan tukwanen da aka kifa bisa kaburbura aka tsinto gutsattsarin wani mahayi da dokinsa, na gasasshen yumɓu. Da aka harhaɗa su sai ga mutum zaune a miƙe, hannunsa cike da mundaye jere bisa jere, ga doki mai dogon kai sanye da kayan ɗamara. Masana sun ajiye shekarunsa tsakanin ƙarni na 3 da na 10. An kai shi Paris a 1993, an kai shi New York a 2020, duniya ta yi kallo ta jinjina.

Aikin ya yi kyau ƙwarai, amma mahayin aka girmama. Dokin shaida ce kawai ta cewa wanda ke kwance a kabarin babban mutum ne. Ba mu san launinsa ba, ba mu san ko ya taɓa tsere wa wani doki ba. Tambayar da ta dame ni ta fi wannan ƙunci: dokin da shi kansa ya yi suna, wanda gari ya fito ƙwai da kwarkwata don ganin gudunsa, da me muke tunawa da shi bayan ya faɗi?

A Arewa, cikin Dallol Mawri, doki tare da sarauta ya yi ƙarfi. Tsofaffi suna ba da labari, kuma Marc-Henri Piault ya rubuta shi a littafinsa na tarihin Mawri na 1970, cewa masu ƙasa na farko su ne gidan Sarauniya a Lugu da gidan Baura a Bagaji, mutanen baka da kwari. Daga baya Ari ya zo daga Barno, zuriyarsa ta kafa sarautar Sarkin Arewa wadda ta zauna a Matankari. Da ƙarni na 19 ya kawo yaƙe-yaƙe da Gwandu, musamman bayan tawayen Yakubu Nabame na Kabi a 1849, irin su Samna Karhe na Tibiri bisa dawaki suka yi suna. A wancan zamani ƙafar doki ce tsakanin mutum da bauta. Wanda dokinsa ya gaza a hanyar komawa gida, shi ke nan. Saboda haka aka san doki sani na haƙiƙa. Aka raba shi kala-kala: akawal, kili, bidi, danda, hurde, gunya, aharas. Aka san wanda farin ƙafarsa alheri ne da wanda ake gudun ɗaurewa a turke. Mutumin da ya tashi a barga, kallo ɗaya zai yi wa ɗukushi ya faɗa maka ko zai yi gudu.

Duk da wannan ƙauna ba a gina wa doki mutum-mutumi ba, kuma dalilin a bayyane yake. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun haramta sassaƙa cikakkiyar surar mai rai wadda ke da inuwa, sun sassauta kan zanen da ke shafe bisa bango ko takarda. Sai dai addinin da ya hana gunki bai hana tuna doki ba. Hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren horarrun dawaki daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i a Madina, kuma littattafan sira sun riƙe sunayen dawakinsa, irin su Sakbu da Murtajizu. Ibnul Kalbi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 9, littafi guda ya yi kan nasabar dawakan Larabawa. Wannan hanya ta riƙe suna da asali ta haɗu da abin da Bahaushe ke da shi tun fil azal, wato kirari da waƙa.

A watan Afrilun 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu. Daga nan bindigar Nasara ta rufe babin yaƙin dawaki. Lifidi da sulke suka koma kayan hawan salla da taryen manyan baƙi, kamar yadda har yau ake gani ga dakarun Zarmakoy na Doso. Ƙarfin da a da ake zubawa a fagen fama sai ya koma filin sukuwa. Turawa suka shata filaye a Kano da sauran birane, sarakuna suka shiga da ƙarfinsu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da ɗansa Usman Nagogo sun mai da Katsina gidan sukuwa da folo. Dillalai kuwa arewa suke dubawa in ana neman doki mai gudu. Har yau cikin jerin irin dawakan Nijar akwai wanda ake kira da sunan Arewa, kusa da na Manga da na Bagazam.

Wanda bai taɓa tsayawa bakin filin sukuwa na ƙauye ba, ya yi asarar kallo. Tun watanni kafin ranar ake tsare doki a turke, ana ba shi harawar wake da gero da ɗan kanwa, ana fita da shi kilisa da asuba kafin rana ta yi zafi. Ranar kuwa sai ka gan shi an wanke shi, laya a wuya, wani har da lalle a ƙafa, yana tuma yana cizon linzami, mutum biyu na riƙe da shi. Mahayin yaro ne siriri, sau da yawa ba takalmi, ya ɗaure kai da ƙyalle. Da an sake su ƙura ce kawai ke tashi, sai a kwana ta ƙarshe kai ɗaya ya ɓullo. Kafin dokin ya tsaya mata sun rangaɗa guɗa, maroƙi ya riga ya fara jero kirarinsa da na ubangidansa da na garin da aka haife shi. A nan take ake gina abin tunawar, da baki.

Mafi shahara cikin irin wannan gini ita ce waƙar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na fadar Sarkin Gobir na Isa, wadda aka sani da Dokin Iska Ɗanhilinge. Sunan kansa ya nuna Filinge, maƙwabciyar Arewa ta yamma, ƙasar Kurfai mai dawaki. Dokin ya daɗe da zama ƙasa, waɗanda suka ga gudunsa da idonsu sun ƙare ko sun kusa, amma waƙar na yawo a wayoyin matasa, ana nazarinta a jami'o'in Sakkwato da Kano. A ganina, in ana maganar gwaninta, wannan waƙa ta yi abin da ke ba masu tagulla wuya. Gudu abu ne mai wucewa, waƙa ma haka take, tana tafiya cikin lokaci. Kotso na iya matsa ƙaimi, amshi na iya bin sawu, murya na iya tsinkewa ta bar ƴan amshi a baya. Mai sassaƙa kuwa dole ya zaɓi ƙiftawar ido ɗaya tak ya daskarar da ita har abada.

Ba na raina masu tagulla, don na cikinsu da suka iya sun iya. A Amurka akwai Man o' War, wanda ya ci tsere 20 cikin 21 da ya shiga, ya mutu a 1947. Herbert Haseltine ya zuba shi a tsaye cik, kai a sama, ba sirdi ba mahayi, aka kafa bisa kabarinsa, daga baya a 1977 aka mai da kabarin da mutum-mutumin wurin shaƙatawar dawaki na Kentucky. Haseltine bai yi ƙoƙarin nuna gudu ba. Ya nuna ƙirji da wuya da isa, ya bar mai kallo ya auna da kansa abin da irin wannan jiki zai yi in an sake shi. John Skeaping kuwa ya ɗauki hanya mai haɗari da Secretariat, dokin da a 1973 ya ci tseren Belmont da tazarar tsawon doki 31, ya gama mil ɗaya da rabi cikin minti 2 da daƙiƙa 24. Ya zuba shi yana tsakiyar gudu. Irin wannan aiki bai yiwu da gaskiya ba sai bayan 1878, lokacin da hotunan Eadweard Muybridge suka nuna cewa doki na rabuwa da ƙasa gaba ɗaya ne sa'ad da ƙafafunsa suka taru ƙarƙashin ciki. Kafin nan masu zane sun yi ta baje masa ƙafafu gaba da baya. Ni na fi son na tsayen, don gudun tagulla kullum a wuri ɗaya yake, ido kan gaji da shi.

Akwai abin da ya fi burge ni a labarin Man o' War. Shekara da shekaru, mai kula da shi, wani baƙar fata mai suna Will Harbut, shi ke tarbar dubban baƙi a bakin barga yana jero musu tarihin dokin da zaƙin baki, har mutane suka riƙa zuwa don jin sa. Ya rasu wata ɗaya kafin dokin. Ashe can ma maroƙi ya riga maƙeri.

Wanda ya fi taɓa zuciyata duka ya girmi waɗannan da nisa, kuma ba na sukuwa ba ne. Wajen shekarar 636 Sarkin Sin Taizong ya sa aka sassaƙa dawakinsa shida na yaƙi a jikin allunan dutse don kabarinsa, kowane da sunansa. A ɗaya daga ciki, doki mai suna Saluzi na tsaye ya ɗan ja baya, wani barde ya dafa shi yana zare masa kibiya daga ƙirji. Huɗu na Xi'an yanzu, biyu na Philadelphia. Abin da ya sa wannan aiki ya rayu shi ne mai aikin ya san wane doki yake yi, ya san ranar da yake ba da labarinta.

Da wannan ma'auni nake auna dawakan siminti da ƙarfe da suka cika biranenmu bayan samun ƴanci. A ƙofar dandalin Tafawa Balewa a Legas, wanda aka gina bisa tsohon filin sukuwa, fararen dawaki huɗu ne suka yi tsaye da ƙafafun baya. Suna da girma, suna da kwarjini, amma cikin dukan dawakan da suka zubar da gumi a wannan fili ba wanda suke wakilta. Na shataletalen garuruwa da ƙofofin otal sun fi muni: ƙafafu kamar turmi, wuya ba tsoka, fenti na ɓarewa bayan damina biyu. Wanda ya yi su bai taɓa shafa bayan doki ba. Ko kyautar da fim ɗin Sarauniya na Med Hondo ya ci a bikin FESPACO na Wagadugu a 1987, wadda ta kai sunan Lugu duniya, surar Yennenga ce, gimbiyar Mosawa, bisa ingarmanta. Mosawa sun riƙe dokinsu har a sunan zuriya, mu kuwa namu na zubewa.

Zubewar ba ɓoyayyiya ba ce. Farin 1973 da na 1984 sun kwashe dabbobi, gidan da ba ya da geron tuwo ba ya ba doki. Kwalta ta ratsa Dogon Dutsi, babur ya zo, kabu-kabu ya karɓe tafiyar kasuwa da ta biki. Turke ya koma maɗaurin rago. Sukuwa ba ta mutu ba, ana yin ta a bukukuwan salla da na ƙasa, akwai hukumar wasannin dawaki ta FENISEQ, kuma masu sha'awa na kashe dukiya. Amma matashin da ke cika takardar cacar sukuwa ta PMU ya fi sanin sunayen dawakan Faransa bisa na garinsu. Tsohon da ya san wace godiya ta haifi wane zakara, da maroƙin da ke riƙe da kirarin, kowace shekara raguwa suke. Abin tunawa na baki ƙarfinsa ɗaya da rauninsa: yana raye muddin akwai mai faɗa. Ɗanhilinge ya tsira ne don an naɗi muryar Narambaɗa. Nawa ne irinsa a Matankari da Gesheme da Kore Mairuwa da ba a naɗa ba?

Don haka ba tagulla nake roƙa wa Arewa ba, ba ma sai mun shiga jayayya da malamai ba. A Aintree ta Ingila an binne Red Rum, wanda ya ci babban tserensu sau uku, a 1973 da 1974 da 1977, daidai bakin layin ƙarshe, da allo mai ɗauke da sunansa. Allo irin wannan bai fi ƙarfinmu ba. Muna da magina masu zanen bango irin na Birnin Damagaram, muna da dukawa da maƙera masu sirdi da likkafa da linzami, waɗanda aikinsu ya isa a ajiye a nuna. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin gadon duniya, alhali dawaki da yawa da suka ƙawata irin wannan hawa daga ƙasashenmu aka saye su.

Kirana ga fadar Sarkin Arewa da ta Samna, da magadan gari na Dogon Dutsi da Tibiri, da gidajen rediyon karkara: a tura matasa da na'urar naɗar murya gidan tsofaffin masu dawaki da maroƙa tun suna raye. A rubuta sunan kowane zakara, launinsa, uwarsa, garinsa, mahayinsa da shekarar da ya ci. A keɓe ɗaki ɗaya a ajiye sirdinsa da hotonsa, a kafa allon sunaye a bakin filin sukuwa. Kai kuma mai karatu, in akwai tsoho a gidanku da ya taɓa ɗaure doki, je ka tambaye shi sunan dokin a wannan mako, ka rubuta.