Daga Kwali zuwa zauren jami'a: ranar da maginiyar tukwane ta zama malama

A jami'o'in duniya akwai al'adar gayyato gwanin sana'a daga waje domin ya tsaya gaban ɗaliban sashen zane da sassaƙa, ya nuna musu aikinsa. Amma wane ne ya cancanci wannan gayyata? A ƙasarmu an daɗe ana ɗauka cewa sai mai takardar shaida daga Turai. Tarihin Zariya da na Ladi Kwali ya nuna yadda wannan zato ya rushe.

A shekarar 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawa ne, manhajar kuma irin ta makarantun Landan ce. Ɗalibi zai iya kammala karatu ya san gwanayen Italiya da Faransa, alhali adon da magina suka yi a jikin gidajen birnin Zazzau, wanda yake gani kullum, ba ya cikin darasi. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Buƙatarsu ita ce a gwama dabarar da aka koyo daga waje da fasahar gida. Sai suka riƙa amfani da hutu wajen komawa garuruwansu suna neman ilimi a hannun dattawa.

A daidai wannan zamani, a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, garin da sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa bayan jihadi, wata mata Bagwariya tana tabbatar da abin da ɗaliban ke faɗa. An haifi Ladi a garin Kwali wajen 1925, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a wurin wata 'yar uwarta. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara randunanta a fada, a nan Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a garin, ita ce mace ta farko a wurin.

Ta koyi aiki da injin juya yumɓu, amma manyan randunanta da hannu take gina su. Tana ɗora yumɓu zobe bisa zobe, tana kewaya tukunyar da ƙafarta, sannan ta zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya a jiki. Cibiyar ta ƙara musu ruwan ƙyalli, ta gasa su da wuta mai tsanani. Wannan ya sa suka yi nauyi, suka daina tsatsafar da ke sanyaya ruwa, suka tashi daga kayan ɗaki zuwa kayan kallo. Riba ce da ta zo da hasara.

An baje kolin aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. A 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew, tana gina tukunya a gaban ɗalibai da malamansu a kwalejoji da jami'o'i. Ba ta yi karatun boko ba, hannunta ne ya gabatar da laccar. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a Minna a 1984. Duk mai fatauci tsakanin Malanville da Gaya da Kamba ya taɓa riƙe hotonta, domin ita ce a bayan takardar naira 20, Janar Murtala kuma a gaba.

Mu Hausawan bakin wannan kogi, abin ya shafe mu. Roba da sanholo sun mamaye kasuwa, randa da tulu suna ja da baya. Maginiya da dukawa da masu ɗinkin hula da maƙera suna tsufa, 'ya'yansu kuma suna makarantar Faransanci inda ba a ambaton sana'ar iyayensu. Gwanintar Ladi ta tsira ne saboda sarki ya adana aikinta, makaranta kuma ta buɗe mata ƙofa tun tana raye.

Ba sai an jira Jami'ar Parakou ba. Shugaban makarantar unguwa ko ƙungiyar matasa na iya gayyato maginiya guda da yumɓunta, a shimfiɗa mata tabarma, a ba ta ladan aikinta kamar kowane malami, yara su zauna su ga yadda ake tayar da randa daga gindi har baki.